Shin Mu Agola Ne a Gidan Ibrahim?

Ɗan Koyo: Salama gare ku, iyayena da yayyena. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Ina karanta Irmiya sura 31, na zo aya ta 31 inda Ubangiji ya ce zai yi sabon alkawari. Na sha jin ayar nan, amma sai jiya idona ya tsaya a kan waɗanda aka ce za a yi alkawarin da su: gidan Isra'ila da gidan Yahuza. Na koma baya, na yi gaba, ban ga an sa kowa a ciki ba sai su. To ni da ba Bayahude ba, ta ina na shiga? Kullum muna cewa mu 'ya'yan sabon alkawari ne. Da izinin wa? Ko dai mu agola ne, an bar mu a gidan don kara kawai? Don Allah kada a ce mini in ba da gaskiya in yi shiru. Ƙofar da muka bi nake so a nuna mini.

Sarkin Gardama: Ƙanena, wannan ai bai kai ya hana ka barci ba. Sun ƙi Almasihu, Allah ya karɓe mulkin ya ba wasu. Duba misalin manoman gonar inabi a Matiyu 21, aya ta 43. Haikalin ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70, har yau ba a sake gina shi ba. Ikilisiya ce Isra'ila yanzu. Duk inda ka ga alkawari ga Isra'ila, cire sunansu ka sa naka. Magana ta ƙare.

Malama Mai Nazari: Ba ta ƙare ba, Yaya, yanzu ma aka fara. Ka tsaya a aya ta 43, da ka ƙarasa zuwa ta 45 da ka ga manyan firistoci da Farisiyawa ne suka gane da su ake. Taron jama'ar da suke sauraron Yesu a wurin Yahudawa ne, almajiransa Yahudawa ne, shi kansa Bayahude ne. Sannan in har za mu riƙa cire suna muna sa namu, sai mu yi adalci. Maimaitawar Shari'a 28 tana da ayoyi 14 na albarka, daga aya ta 15 har zuwa ta 68 kuwa la'ana ce zalla. Ban taɓa jin wanda ya sa sunansa a can ba. Albarka tamu, la'ana ta Yahudawa, wane irin rabo ne wannan?

Baba Dattijo: Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma na ji daɗi da ba ka haɗiye ta ba. Amma ka fara karatu daga tsakiya. Koma Farawa sura 12. Allah ya kira Abram, wato Ibrahim, yana da shekara 75, ya ce zai mai da shi al'umma mai girma, sannan a aya ta 3 ya ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. A lokacin babu Isra'ila, ba a haifi Ishaku ba balle Yakubu. Ka ga ke nan tun ranar da aka kafa gidan aka ambace mu. An maimaita maganar a sura 18, an sake ta a sura 22 bayan ya miƙa Ishaku. Sunan Ibrahim ma da aka ba shi a sura 17, dalilin da aka faɗa shi ne zai zama uban al'ummai masu yawa.

Yanzu ga inda Bulus ya yi amfani da lissafi. A Farawa 15:6 aka ce Abram ya gaskata Ubangiji, aka lasafta masa wannan adalci ne. Bayan haka aka haifi Isma'ilu, Abram yana da shekara 86. Kaciya kuwa sai da ya kai 99. Aƙalla shekara 13 ke nan Ibrahim yana mai adalci a gaban Allah alhali ba shi da kaciya. Shi ya sa a Romawa 4 Bulus ya yi tambayar nan, a wane hali aka lasafta masa, da kaciya ko babu? Ya amsa da kansa, babu. Don haka ya zama uban marasa kaciya masu ba da gaskiya, kuma uban masu kaciya da suke bin sawun bangaskiyarsa. A Galatiyawa 3 ya ƙara da cewa Shari'ar da ta zo bayan shekara 430 ba ta isa ta soke alkawarin da aka riga aka tabbatar ba. Ya rufe surar da cewa in ku na Almasihu ne, ku zuriyar Ibrahim ne, magada bisa ga alkawari. Ka riƙe kalmar magada. Agola ba ya cin gado.

Ɗan Koyo: Baba, na gode, kun sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Amma ku yi mini haƙuri, ban gama ba. In tun farko muna cikin shirin, me ya sa Yesu da bakinsa ya hana almajiransa sha biyun nan shiga wurin al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Matiyu 10? Kuma matar nan Bakan'aniya, ya ce mata ba daidai ba ne a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka. Duk lokacin da na zo wurin nan sai in yi sauri in wuce.

Mama Mai Addu'a: Kada ka ƙara wucewa da sauri, ɗana. Ni shekaru na yi ina jin ɗacin ayar nan, sai da na zauna na kalli matar da kyau. 'Yarta tana gida aljani yana wahalshe ta. Ta biyo su tana ta ihu, Yesu bai ce mata uffan ba. Almajirai suka gaji, suka ce a sallame ta. Ya ce shi ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila kaɗai aka aiko shi. Wata da tuni ta juya. Ita kuwa ta zo ta durƙusa. Da ya yi maganar karnuka, ba ta yi musu ba, ba ta ce ai ni ma mutum ce ba. Ta karɓi maganar ta juya ta: ko karnuka ma suna cin gutsattsarin da yake faɗowa daga teburin iyayengijinsu. Wato ta gane abincin ya yi yawan da ba zai ƙare a kan 'ya'ya ba. Nan take ya yaba girman bangaskiyarta, yarinya ta warke.

Abin da na lura da shi, a Matiyu mutum biyu ne Yesu ya yaba girman bangaskiyarsu haka, wannan mata da jarumin sojan Roma a sura 8, kuma dukansu baƙi ne. A kan jarumin nan ne ma ya ce mutane da yawa za su zo daga gabas da yamma su zauna cin abinci tare da Ibrahim da Ishaku da Yakubu. A kan teburi fa, ba a ƙarƙashinsa ba. Markus kuma da ya ba da labarin matar ya kawo wata kalma, a bari 'ya'ya su ƙoshi tukuna. Tukuna ba ta nufin har abada.

Fasto: Mama ta faɗi abin da zan faɗa, har ta fi ni. Ƙari kaɗan: Matiyun da ya rubuta hanin sura 10 shi ne ya rufe littafinsa da umarnin a je a almajirtar da dukan al'ummai, kuma shi ne ya buɗe shi da asalin Yesu wanda ya sa Rahab ta Yariko da Rut mutuniyar Mowab a ciki. Ku tuna Shari'a ta ce Bamowabe ba zai shiga taron jama'ar Ubangiji ba har tsara ta goma, amma ga Rut ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Akwai tsari: Bayahude da fari, sannan Baheleni, kamar yadda Romawa 1:16 ta ce. Tsari ne na lokaci, ba na daraja ba.

Kada kuma mu ɗauka manzanni sun karɓi abin nan da sauƙi. Bitrus yana Yafa a gidan Saminu majemi, ya hau soro yin addu'a, ya ga mayafi ana saukowa da shi cike da dabbobin da Shari'a ta haramta. Sau uku ana ce masa ya yanka ya ci, sai ga 'yan aiken Karniliyus, wani jarumin sojan Roma, a ƙofa. Yafar nan dai ita ce tashar da Yunusa ya shiga jirgi don kada ya je Nineba. Annabi ya gudu daga can, manzo kuwa ya tashi daga can ya tafi Kaisariya, ko da yake da ƙyar. Yana cikin magana Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya, bai jira kowa ya ba da izini ba. Da Bitrus ya koma Urushalima, tuhumar da aka yi masa ba ta wa'azi ba ce. Cewa aka yi ya shiga gidan marasa kaciya ya ci abinci da su.

Malama Mai Nazari: Kuma Bitrus ɗin nan daga baya a Antakiya, da mutane suka zo daga wurin Yakubu ɗan'uwan Yesu, sai ya janye jiki ya daina ci da al'ummai, har Barnaba ya bi shi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, yana nan a Galatiyawa 2.

Tambayar da ta kai su taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15, wajen shekara ta 49, ba ita ce ko al'ummai za su iya shiga ba. Yahudawa sun daɗe suna karɓar baƙi, Fitowa 12:48 ta ce baƙo ya yi kaciya ya ci Idin Ƙetarewa kamar ɗan ƙasa. Tambayar ita ce, sai sun zama Yahudawa tukuna? Taron ya ce a'a. Abu huɗu kawai aka nema: su guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Wani abu da yake ba ni sha'awa: Yakubu ya kafa hujja da Amos 9:11-12. A Ibrananci ayar tana maganar mallakar ragowar Edom, a tsohuwar fassarar Helenanci kuwa tana maganar ragowar 'yan Adam su nemi Ubangiji, domin Edom da Adam baƙaƙensu kusan ɗaya ne a Ibrananci. Ayyukan Manzanni ta bi ta Helenanci. Amma ko a wanne ka karanta, jimlar nan tana nan: dukan al'umman da ake kira da sunana.

Baƙo Mai Sauraro: Gafara dai, ni ba Kirista ba ne, aboki ne ya sa ni a zauren nan kuma ina ƙaruwa. Tambayata, in alkawarin na zuriyar Ibrahim ne, ina matsayin Isma'ilu a fahimtarku?

Fasto: Maraba da kai, Malam. A Farawa 17 Ibrahim ya roƙi Allah saboda Isma'ilu, Allah ya ce ya ji, zai sa masa albarka, zai haifi sarakuna 12, ya zama al'umma mai girma. An yi masa kaciya rana ɗaya da mahaifinsa yana da shekara 13. Amma surar ta ce alkawarin za a kafa shi da Ishaku, kuma a kan wannan koyarwar Kirista ta tsaya. Na san a nan muka bambanta da ku, ba zan ɓoye ba. Sai dai a wurin Bulus jini ba ya shigar da kowa, ba ya kuma hana kowa. Jikan Ishaku da jikan Isma'ilu da wanda bai haɗa komai da su ba, ƙofa ɗaya ce, bangaskiya ga Almasihu.

Baƙo Mai Sauraro: Na gode da amsa ba tare da kwana-kwana ba.

Sarkin Gardama: To ai duk kun dawo kan maganata. In jini ba ya shigar da kowa, Isra'ila ta jiki ta gama aikinta. Afisawa 2 ta ce an rushe katangar da ta raba Yahudawa da al'ummai, an mai da biyu ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro ba, tun ƙarni na 2 Jastin Shahidi, wani malamin Kirista, ya rubuta cewa Kiristoci ne Isra'ila ta gaskiya.

Mai Bin Annabci: Yaya, ni kuma a nan na rabu da kai gaba ɗaya. Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasa mai iyaka, daga kogin Masar zuwa Yufiretis. Ya yi wa Dawuda alkawarin kursiyi. Waɗannan ba na ikilisiya ba ne. Isra'ila daban, ikilisiya daban, kowa da shirinsa. Mu zamaninmu kamar zango ne a tsakiyar tafiya, in ya cika Allah zai koma kan Isra'ila ya cika musu nasu harafi da harafi.

Malama Mai Nazari: Ɗan'uwa, wannan rabewar da ka yi dalla-dalla ba tsohuwa ba ce kamar yadda ake zato. Wani mai wa'azi, Jon Nelson Dabi, shi ne ya tsara ta a ƙarni na 19, sannan Littafi Mai Tsarki mai sharhin Sikofil da ya fito a 1909 ya yaɗa ta. Sabunta ba ta sa ta zama ƙarya, amma Afisawa 3:6 ta ce al'ummai abokan gado ne, gaɓoɓin jiki ɗaya, masu tarayya cikin alkawarin. Ban ga yadda za a yi jiki ɗaya da shiri biyu ba. Kuma a Romawa 4:13 Bulus ya ce alkawarin Ibrahim shi ne ya gaji duniya. Ƙasar ba ta ɓace ba, faɗaɗa ta yi.

Yaya Sarkin Gardama kuma, katangar da ka ambata ta gaske ce. A Haikali akwai shinge da ya raba farfajiyar al'ummai da ciki, an kafa duwatsu masu gargaɗi a jikinsa. A 1871 wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi ya gano ɗaya a Urushalima, yanzu yana gidan tarihi a Istanbul. An rubuta da Helenanci cewa duk baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa a wuyansa. Zargin shigar da Tarofimas mutumin Afisa cikin Haikali ne ma ya sa aka kama Bulus a Ayyukan Manzanni 21. To amma in aka rushe katanga, na waje ne yake shiga. Ba a ce na ciki ya fita ba.

Baba Dattijo: Yauwa, 'yata. Ku bar ni in kawo Romawa 11, don a nan Bulus ya yi magana da irinmu kai tsaye. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma wajen shekara ta 49. Bayan mutuwarsa a 54 suka fara komawa, suka tarar ikilisiya ta cika da al'ummai. Masana da yawa suna ganin wannan yana cikin abin da ya sa Bulus ya rubuta yadda ya rubuta, wajen shekara ta 57. Ya yi tambaya, Allah ya yi watsi da jama'arsa ne? Ya ce ko kusa, shi ma Ba'isra'ile ne na kabilar Biliyaminu.

Sai ya kawo itacen zaitun. Duk wanda ya taɓa yi wa itace aure ya san yadda ake yi: ka yanko reshen itace mai kyau, ka feƙe bakinsa, ka tsaga kututturen na jeji mai ƙarfin saiwa, ka soka, ka ɗaure tam. Bulus ya juya abin. Reshen jeji ne aka ɗaura a kan itacen gida, kuma shi da kansa ya ce wannan saɓanin ɗabi'a ne. Itace ɗaya ne, Mai Bin Annabci, ba biyu ba. Ba a kuma tumɓuke shi an dasa sabo ba, Sarkin Gardama. Waɗansu rassa ne aka sare, ba duka ba. Sannan ya ce wa reshen jeji kada ya yi fahariya, ba shi yake ɗauke da saiwa ba, saiwa ce take ɗauke da shi. In Allah bai bar rassan asali ba, kai ma ba zai bar ka ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi. Ya ce kuma Allah yana da ikon mai da waɗanda aka sare, don baiwarsa da kiransa ba a janye su.

Gargaɗin nan ikilisiya ba ta ji shi da kyau ba. Wani malami mai suna Markiyon ya kai abin maƙura har ya jefar da Tsohon Alkawari dungum, aka fitar da shi daga ikilisiyar Roma a 144. An ƙi koyarwarsa, amma girman kan reshen jeji ya zauna, kuma Yahudawan Turai sun sha wuya a hannun masu kiran sunan Almasihu ƙarni bayan ƙarni. Sai a 1965 majalisar Batikan ta biyu ta fitar da sanarwar Nostra Aetate, ta ce kada a nuna Yahudawa a matsayin waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta, ta kuma jingina da Romawa 11 ɗin nan.

Sarkin Gardama: Baba, maganar fahariya na karɓa, na yi saurin baki. Amma aya ta 26 da ta ce dukan Isra'ila za su sami ceto, malamin tauhidi Kalbin ya fassara ta da dukan jama'ar Allah, Yahudawa da al'ummai. Ina nan tare da shi.

Mai Bin Annabci: A aya ta 25 Isra'ila tana nufin Yahudawa, kowa ya yarda, tunda an bambanta su da al'ummai. Yaya za a yi kalma ta sauya ma'ana a aya ta gaba?

Sarkin Gardama: Kamar yadda ta sauya a cikin aya guda a Romawa 9:6, ba dukan waɗanda suke na Isra'ila ne Isra'ila ba.

Malama Mai Nazari: A 9:6 taƙaita kalmar ya yi zuwa ragowa a cikin Yahudawa, bai faɗaɗa ta ta haɗa da mu ba. A wannan gaɓar ina tare da Mai Bin Annabci, ko da yake a kan shiri biyu ba ma tare.

Fasto: Wannan ayar manyan malamai sun yi ɗaruruwan shekaru suna ja a kanta, ba za mu yanke ta a daren nan ba. Ɗan Koyo, ayarka ta Irmiya fa, kada ta ɓace a cikin ƙura. A daren da aka ba da shi, Yesu ya ɗauki ƙoƙo ya ce shi ne sabon alkawari a cikin jininsa. Waɗanda suke zaune da shi duk 'yan gidan Isra'ila ne, don haka da su aka yi, yadda Irmiya ya faɗa. Bayan shekara ashirin da wani abu, Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, waɗanda ya tuna musu cewa dā masu bin gumaka ne, ya miƙa musu kalmomin ƙoƙon nan ɗaya a sura 11 ta wasiƙarsa ta fari. A sura 10 ma da yake maganar waɗanda suka haye teku tare da Musa, kakanninmu ya kira su, yana rubuta wa Helenawa.

Ɗan Koyo: Na duba yanzu, haka ne, kakanninmu ya ce. Sau nawa na karanta wurin ban lura ba. Na gode, iyayena. Amma Malama, maganarki ta Maimaitawar Shari'a 28 ta tayar mini da wata. Irmiya 29:11 da nake da ita a manne a bangon ɗakina, wadda take cewa Allah yana da shirin alheri dominmu, na ga wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma ayar da ta gabace ta ta ce sai bayan shekara 70. In cire ta ne ko in bar ta?

Malama Mai Nazari: Bar ta, amma ka rubuta aya ta 10 a samanta. Buɗe sabon zare gobe, wannan ya yi tsawo.

Mama Mai Addu'a: Ku sa ni a ciki in an buɗe. Ni ma tana bangona.